Malam Edita, ga amsata ga mai cewa labarin tarihi ɓarna ne: batun Assia Djebar ta Aljeriya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara wa jaridar nan tamu albarka. Ni dai ba marubuci ba ne, malamin gona ne, aikina iri da taki da feshin ƙwari, to amma abin da na karanta a shafinku na adabi mako biyu da suka wuce ne ya hana ni sakat, har uwargida tana cewa wai me jarida ta yi maka ne kake ta ƙunƙuni kai kaɗai. Wani bawan Allah ne ya rubuta cewa a ganinsa duk wanda ya ɗauki tarihi ya mayar da shi ƙagaggen labari ko fim to ɓarna yake yi, wai tarihi na malaman jami'a ne masu takardu, shi kuma marubucin labari ya tsaya can wajen soyayyarsa. Ban san shi ba kuma wallahi ba rigima nake nema ba, kawai ya ara mini kunnensa in ba shi labarin wata mata da ta yi aikin nan guda biyu, rubutun labarin tarihi da fim na gaskiya, kuma ita ɗin ma malamar tarihi ce a jami'a, ka ga ba za a ce mata ba ta san takarda ba.

Sunanta Assia Djebar, mu a bakinmu Asiya Jabbar, 'yar Aljeriya ce. Yadda aka yi na san ta ma abin dariya ne. Ina cikin yaran da aka tura karatu Aljeriya da buris, wato tallafin karatu, bayan mun ci bak, jarabawar gama sakandare, ni aka kai ni Bilida, garin lemo da fure da sanyin tsiya a gindin dutse. A watan Yuni na 2005 muna tsakiyar fama da jarabawa na shiga kafe in sha shayi sai na tarar da abokan karatuna biyu 'yan ƙasar suna musu kamar za su doki juna, ga jarida a baje a tebur da hoton wata dattijuwa, ɗaya na cewa ta ɗaga kan Aljeriya ɗaya na cewa ai wannan ta Faransa ce tun tuni su riƙe abarsu. Na ce wace ce? Suka dube ni kamar na tambayi sunan shugaban ƙasa. Ashe ranar 16 ga watan aka zaɓe ta cikin Académie française, majalisar nan ta mutum 40 da ke gadin harshen Faransanci tun 1635, kuma ita ce ta fara shiga daga duk ƙasashen Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, kafin ita daga Afirka Senghor na Senegal ne kawai ya zauna a ciki. Kunya ta kama ni. Ranar Alhamis, lokacin hutun mako a can Alhamis da Juma'a ne, na hau jirgin ƙasa zuwa Aljas na je wajen masu baza tsofaffin littattafai na sayi nata guda ɗaya wanda bangonsa ya sha jiki, L'Amour, la fantasia, ni da a rayuwata ban taɓa sayen littafin da ba za a yi mini jarabawa a kansa ba.

An haife ta ranar 30 ga Yuni 1936 a Sharshal, wani tsohon gari a bakin teku yamma da Aljas, na je shi sau biyu, gari ne da za ka ga ginshiƙan Rumawa a yashe a filin da tsofaffi ke zama shan iska kamar ba komai ba. Sunanta na yanka Fatima-Zohra Imalayen. Babanta Tahar malamin makaranta ne, yana koyar da Faransanci a lakwal ta firamare, uwarta kuma daga Beni Menacer take, mutanen duwatsun yankin, Barbar ne, yarensu ɗan'uwan na Buzayenmu ne. Littafin da na saya da abin da ya buɗe kenan, yarinya ƙarama hannunta cikin na babanta zai kai ta lakwal ranar farko, shi da jar dara a ka da kwat irin ta Turawa, maƙwabta suna leƙe suna tausaya masa don a ganinsu wanda ya koya wa 'ya mace rubutu ya jawo wa kansa, gobe wasiƙar saurayi za ta rubuta. 'Yan'uwanta mata da suka tasa aka sa su kulle, ita kuwa tana yawonta kai ba lulluɓi, in mata suka tambayi uwar me ya sa, amsarta guda ce, tana karatu. Ta yi makarantar allo ita ma, daga baya aka kai ta makarantar kwana a Bilida, wato garin da nake zaune ina karanta labarin, abin ya ba ni wani iri.

Akwai wani wuri a littafin da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki saboda kamar a gidanmu aka yi shi. Matan garinsu ba sa kiran sunan miji, sai dai shi, kamar yadda namu ke cewa maigidan ko malam ko shi wannan ɗin. To wata rana babanta ya yi tafiya sai ya aiko da kati ta gidan waya ya rubuta sunan matarsa ɓaro-ɓaro a bayansa, madam wance, maimakon ya rubuta sunan ɗansa namiji ko ya ce zuwa ga gida kamar yadda aka saba. Kai, gari ya ɗauka, wai yanzu ma'aikacin gidan waya, ƙato baƙo, ya karanta sunanta! Mata suna salati, uwar kuma tana sunkuyar da kai amma a ranta daɗi take ji. Don Allah Malam Edita wane kundin tarihi ne zai ajiye maka wannan? Kuma ai tarihi ne, don a nan kake ganin yadda zamanin Nasara ya shiga har cikin ɗaki tsakanin mata da miji.

Kanta yana ja sosai, a 1955 ta shiga babbar makarantar horon malamai mata ta Sèvres kusa da Paris, ita ce 'yar Aljeriya ta farko da aka ɗauka. Lokacin kuwa yaƙin ƙwatar 'yanci ya riga ya ɓarke tun 1 ga Nuwamba 1954. A 1956 ɗaliban Aljeriya suka shiga yajin karatu don goyon bayan 'yan gwagwarmaya, ta bi sahu ta ƙi zama jarabawa, zaman banzan nan ne ta cike da rubuta littafinta na farko La Soif, wato ƙishirwa, ya fito 1957 tana da shekara 21 ko ma ba ta cika ba. Tsoron kada babanta ya ga sunan gidansu a kan littafin soyayya ne ya sa ta laƙa wa kanta Assia Djebar, sunan kuma ya bi ta har kabari. Ka ga abin da mai shafinku yake so ta tsaya a kai shi ta fara yi, soyayya, kuma zagi ta sha a kansa, 'yan kishin ƙasa suka ce ana kashe mutane a duwatsu ke kina rubuta labarin 'yan mata a bakin ruwa. Daga nan ta yi aure ta bi mijinta Tunis a 1958, ta yi aiki da jaridar 'yan gwagwarmaya El Moudjahid inda Frantz Fanon, marubucin nan mai adawa da mulkin mallaka, yake, tana zuwa bakin iyaka tana jin ta bakin 'yan gudun hijira tana rubutawa. Ta koyar da tarihi a jami'ar Rabat ta Maroko, da aka samu 'yanci a 1962 ta dawo jami'ar Aljas. Zuwa 1967 tana da littattafan labari huɗu.

Sai kuma ta yi tsit. Fiye da shekara 10 ba sabon littafin labari, kuma ni a ganina duk abin da ta zama a wannan shirun ta zama shi. Matsalarta harshe ne. Matan da take son ta ba da labarinsu da Larabcin gida suke magana da yaren dutse, ita kuma hannunta da Faransanci ya saba, harshen waɗanda suka kashe mazan matan nan. Ita da kanta ta kira Faransanci kishiyar uwa, kuma duk Bahaushe ya san abin da ake nufi, ta ci da kai ta tufatar da kai ta rene ka amma ba ita ta haife ka ba kuma kana sane. Har ta kwatanta kanta da yarinyar da uba ya bayar da ita tun ba ta isa aure ba ga gidan abokan gaba. Ta gwada tunanin komawa rubutu da Larabci abin bai yiwu ba. To me ta yi? Ta ajiye biro ta ɗauki rakoda da kyamara ta koma duwatsun dangin uwarta wajen 1975, tana bi gida gida tana zama a tabarma da tsofaffin mata, su kuma suna sakin baki da ita don 'yar gida ce, sun san uwarta sun san kakarta, abin da ɗan jarida namiji daga birni ko shekara zai yi ba zai samu ba.

Abin da ya fito daga nan shi ne fim ɗinta La Nouba des femmes du Mont Chenoua, gidan talbijin na ƙasar ne ya ɗauki nauyinsa, ya fito 1978, kusan awa biyu. Nuba a kiɗan gargajiyarsu na Andalus wani jerin waƙe ne da ake yi bi da bi, kalmar kuma tana nufin layi ya zo kanka, wato yau layin matan dutsen Shenwa ne su yi magana. Na kalle shi sau ɗaya a wani kulob na sinima na ɗalibai, kwafin duk ya dushe, kuma ba zan yi maka ƙarya ba rabin ɗakin sun fice kafin a gama don fim ne mai tafiyar hawainiya, ba harbi ba jarumi. Rabi shiri ne rabi gaskiya. Shirin shi ne wata mata Lila da ta dawo yankinsu bayan shekaru tana neman labarin ɗan'uwanta da ya ɓata a yaƙi, mijinta kuma ya faɗo daga doki yana kan keken guragu, ba ya magana, sai dai ya bi ta da ido daga bakin ƙofa. Ka lura fa, namiji ne a zaune a gida shiru mace na yawo a mota tana tambaya, da gangan ta juya abin. Gaskiyar kuma ita ce tsofaffin, su ba 'yan wasa ba ne, abin da ya same su suke faɗa, wadda ta dinga kai wa 'yan daji abinci da dare, wadda aka ƙone mata gida, wadda ta binne nata da hannunta, suna faɗa ba kuka ba ɗaga murya kamar suna ba ka labarin kasuwar jiya. Ta sadaukar da fim ɗin ga mutum biyu, Béla Bartók makaɗin Hangari da ya zo Aljeriya a 1913 yana naɗar waƙoƙin ƙauye, da Zoulikha Oudai, wata uwa 'yar yankin Sharshal da ta hau dutse ta shiga yaƙi, sojan Faransa suka kama ta a 1957 suka kashe ta ba su ba 'ya'yanta gawa ba. A gida mutane da yawa ba su so fim ɗin ba don an saba da finafinan yaƙi na maza masu bindiga, amma a bikin finafinai na Venis a Italiya a 1979 ya ci kyautar masu sharhi ta duniya.

Na biyun, La Zerda ou les chants de l'oubli na 1982, dabararsa ta fi burge ni ko da yake gajere ne. Tsofaffin hotunan sinima ta tono waɗanda Faransawa suka ɗauka a Magrib tsakanin 1912 da 1942, irin na bukukuwa da hawan dawaki da ake shirya wa gwamna in ya zo rangadi, 'yan ƙasa na rawa manyan baƙi na tafi. Sai ta ɗora musu wasu muryoyi da waƙoƙi na mutanen da ake ɗauka ɗin, hoton bai canja ba amma sai ka koma kallon idon mutanen da ke tsaye a gefe cikin tsumma maimakon gwamnan.

Sai bayan wannan ta koma rubutu, a 1980 ta fitar da tarin gajerun labarai kan matan Aljas, a 1985 kuma littafin nan da na saya. Fantaziya ɗin da ke sunansa wasan dawaki ne, mahaya su sako a guje su harba bindiga lokaci guda, kusan jafi irin namu na hawan sallah. A nan nake son mai shafinku ya buɗe kunne da kyau. Matar nan ta shiga ɗakunan ajiyar takardun Faransa ta karanta abin da hafsoshi da sojoji da masu zane suka rubuta tun ranar da jiragen ruwansu suka tsaya gaban Aljas a Yuni 1830 har garin ya faɗi ranar 5 ga Yuli. Ta ƙirga bayanai sama da 30 da aka rubuta kan faɗuwar garin, na ɓangaren waɗanda aka ci da yaƙi ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, na mace kuwa babu ko ɗaya. To in an ce tarihi sai abin da ke takarda, ka ga an ce tarihi sai abin da mai bindiga ya rubuta kenan.

Babin da ya hana ni barci shi ne na kogunan dutse na Dahra. A Yuni 1845 wata kabila, Ouled Riah, suka gudu daga sojan Faransa suka shige kogo da matansu da 'ya'yansu da shanunsu da tumakinsu, dama can nan suke fakewa in an kawo musu hari. Kanar Pélissier ya sa aka tara itace da ƙaiƙayi a bakin kogon aka cinna wuta, aka yi ta ƙara mata har gari ya waye, iska na tura hayaƙin ciki. Da wutar ta mutu ya sa aka shiga aka fito da gawarwakin aka shimfiɗa su a rana aka ƙirga, ɗari bakwai da wani abu a ƙidayar da aka yi, wasu suka ce sun haura dubu don akwai jarirai da ke cikin zanen uwayensu da waɗanda suka cure wuri guda. Wani daga cikin waɗanda suka shiga ya rubuta cewa ya ga gawar namiji a durƙushe hannunsa riƙe da ƙahon sa, bayansa ga mace da jariri, wato dabbobin sun haukace da hayaƙi suna tattake mutane shi kuma yana tare wa iyalinsa har ya mutu a haka. Pélissier ya rubuta rahoto dalla-dalla, rahoton ya isa Paris aka yi ta hayaniya a majalisa, shi kuwa ko a jikinsa, daga baya ma har marshal ya zama kuma gwamnan Aljeriya gaba ɗaya. Bayan wata biyu wani hafsan, Saint-Arnaud, ya yi wa kabilar Sbéah irin wannan, shi toshe bakin kogon ya yi, kuma ya koyi darasi, bai bari an shiga an ƙirga ba, bai bar rahoton da zai fita fili ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Assia ta ce har wani irin godiya take ji ga Pélissier, mahaucin, saboda shi ya fito da gawarwakin rana ya rubuta, ya ba ta abin da za ta kama ta yi wa mutanenta makoki, na Saint-Arnaud kuwa suna can cikin duhu har yau. Na ajiye littafin na fita waje cikin sanyi na daɗe a tsaye.

To a tsakanin irin waɗannan babi sai ta dinga saka muryoyin matan nan da ta naɗa lokacin fim, na yaƙin 1954 zuwa 1962, ta juye su zuwa Faransanci amma ta bar su da tafiyar maganarsu ta baka, akwai wata Sharifa da ta bi 'yan'uwanta daji tana 'yar shekara 13 aka harbe ɗan'uwanta a gabanta. Sai kuma babin rayuwarta ita kanta. Igiya uku take tufkawa, takardar Bafaranshe da bakin tsohuwa da nata ran. Ina ɓarnar take a nan? Inda takarda take ta kawo ta da sunan wanda ya rubuta da ranar, inda takarda ta ƙare ta ce ga abin da nake zato, ba ta ɓoye ɗinkin ba. Kusa da ƙarshe ta kawo labarin wani mai zane Bafaranshe, Fromentin, da ya je Laghouat bayan an ci garin da yaƙi ya tsinci yankakken hannun wata mata a ƙasa ya ɗauka ya duba ya yar, ita kuma ta ce wannan hannun ta ɗauka take ƙoƙarin sa masa alƙalami.

Kada a ce na zo yabo ne kawai, akwai inda nake da ja. A 1991 ta fitar da Loin de Médine, nesa da Madina, bayan tarzomar Oktoba 1988 lokacin da rigimar addini da siyasa ta fara zafi a ƙasar. Ta koma littattafan Ibn Hisham da Ibn Sa'ad da Ɗabari ta tsamo matan da aka ambata a zamanin wafatin Annabi (SAW) da halifancin Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, irin su Nana Faɗima da Nana A'isha, Allah ya ƙara musu yarda, da wasu da layi ɗaya ko biyu kawai aka rubuta a kansu, ta faɗaɗa. Niyyarta na gane ta, tana son nuna cewa matan farko suna magana suna ruwaito hadisi suna neman haƙƙinsu. Amma ni a nan na ɗan ja baya, don zato a kan abin da ke zuciyar wata tsohuwar dutse daban, zato a kan abin da ke zuciyar Sahabbai daban, wannan fagen na fi son in ji shi daga bakin malamai. Da mai shafinku a nan ya tsaya da sai in ce muna tare. Sannan maganar abokina na kafe ma ba ta faɗi ƙasa banza ba, tsofaffin da ta naɗa ba za su iya karanta layi ɗaya na abin da ta rubuta a kansu ba, kuma an fassara ta zuwa harsuna fiye da 20 amma a ƙasarta masu karatu da Larabci kaɗan ne suka same ta tana raye. Ita ma ta san da wannan ciwon, shi ta yi ta juyawa har ta mutu.

Shekarun 1990 kuwa sun yi mata ɗaci. Mu da muka je Bilida bayan yaƙin basasar ƙasar ya lafa mun tarar da tabonsa, in magariba ta yi gari ya mutu, kowa ka zauna da shi yana da wanda aka yanka ko aka ɓatar. A 1993 aka kashe abokanta biyu, likitan ƙwaƙwalwa Mahfoud Boucebci da masanin zamantakewa M'hamed Boukhobza, a 1994 aka harbe Abdelkader Alloula mai wasan kwaikwayo a Oran, wanda ɗan'uwan mijinta na biyu ne. A kansu ta rubuta Le Blanc de l'Algérie, farin Aljeriya, farin likkafani take nufi. Daga nan zamanta ya koma waje, ta koyar a Luwiziyana ta Amurka sannan jami'ar New York daga 2001, kyaututtuka kuma suka yi ta zuwa, ta Neustadt a 1996, ta zaman lafiya ta masu sayar da littattafan Jamus a 2000, ba sai na jera ba. Zoulikha ɗin nan ta fim ma sai da ta dawo ta yi mata littafi sukutum a 2002, matar da ba ta da kabari. Ranar da aka yi bikin karɓarta a Académie a Yuni 2006 kuwa, shekara guda da 'yan watanni bayan majalisar Faransa ta yi dokar nan ta Fabrairu 2005 mai cewa a koyar da alherin mulkin mallaka a makarantu, ta tsaya a gabansu cikin zaurensu ta ce mulkin mallaka babban rauni ne da kakanninta suka rayu da shi kullum har tsatso huɗu. Abokina mai cewa ta Faransa ce da na nuna masa wannan a jarida sai ya ce to ai da Faransanci ta faɗa. Ta rasu a Paris ranar 6 ga Fabrairu 2015, aka kawo ta Sharshal aka binne.

Abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai har nake damunka da doguwar wasiƙa shi ne, mu ma a Damagaram abin da aka koya mana a lakwal game da zuwan Nasara daga takardunsu aka kwaso shi, an kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, an yi yaƙin Tirmini a 1899, Sarki Amadu Kuran Daga ya faɗi, shi ke nan a juya shafi. Da na zo hutu a 2006 da zafin littafin nan a kaina sai na sayi 'yar rakoda da kaset biyu na tafi ƙauye wajen kakata ta wajen uwa. Ta gan ni da abin ta ce kai kuma mijin banza me ka kawo mini, rediyo maimakon turmin zane? Na ce labarin zuwan Nasara nake so ki ba ni. Ta ce ita ina ta gan su suna zuwa, ai sai dai abin da kakarta ta gaya mata. Na danna jan maɓalli. Wallahi minti 20 na farko duk a kan wata saniya ta ƙare su da wani bashin gero da ba a biya kakanta ba, ni ina ta duban kaset na juyawa ina jin haushi batir na tafiya a banza. Can sai ta ce, ranar da aka ji ƙarar bindigar da ba irin tamu ba kakata tana tuƙa tuwo, ta bar muciya a tsaye cikin tukunya ta saɓi goyo suka yi kwazazzabo ita da matan gidan, kwana uku suna can, wani jariri ya dinga kuka har uwarsa ta cusa masa nono ta danne shi a ƙirji don kada a ji, da aka ɗaga shi ya riga ya tafi. Da suka dawo gida muciyar na nan tsaye cikin busasshen tuwo, awaki kuwa ko ɗaya babu. Sai ta rera wata 'yar waƙa baiti biyu da ta ce matan suka dinga yi wa yaron in suna daka, ta ce kashe abin nan haka na gaji.

Ban koma da kaset na biyun ba, na ce sai hutu na gaba, kafin hutu na gaba Allah ya yi mata rasuwa. Sunan yaron ma ban tambaya ba, kuma yanzu duk dangin babu wanda ya sani, na bi 'yan'uwan mahaifiyata ɗaya bayan ɗaya. In mai shafinku yana ganin wannan ba tarihi ba ne tunda babu hatimin kowa a kai to ina gayyatarsa ya zo Damagaram in kunna masa ya gaya mini sunan da za a kira shi.

Sai dai kaset ɗin ya fara cin zare, sau biyu ina warware shi da biro, yanzu tsoron sa shi a rakoda nake yi. Don Allah Malam Edita in a cikin masu karatunku akwai wanda ya san mai sitidiyo a Kano ko Maraɗi da har yanzu yake da na'urar juye kaset zuwa memori ba tare da ya lalata shi ba, a sanar ta wannan shafin, ina duba shi duk mako, kuɗin mota da na aikin duk a wuyana.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani malamin gona mai karanta ku daga Damagaram